Ina son yin bincike a kan karatun yaran da gubar dalma ta shafa a Zamfara, ta ina zan fara?

Malamar Aji Uku:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a Gusau, kuma ina digiri na biyu a fannin ilimi. Mun gama zaman aji, yanzu an ce kowa ya kawo batun da zai yi bincike a kai. Yawancin abokan karatuna sun ɗauki waɗanda aka saba: tasirin kayan koyarwa a kan kaza, ra'ayin malamai game da kaza, a raba takardar tambayoyi, a tattara, a wuce wurin. Ni raina ya ƙi kwanciya da wannan.

Abin da ke cina shi ne yaran gubar dalma. Duk wanda ya yi wayo a 2010 ya san abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, lokacin da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Yara kusan 400 suka rasu, dubbai suka sha magani. Waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata. Abin da ya zo hannuna na karantawa duk na likitoci ne da masana muhalli: nawa ne a jini, nawa ne a ƙasa, nawa suka rasu. Ni malamar aji ce, tambayata daban ce. Yaron da ya tsira, ya iya karatu? Ya gama firamare? Ko kuwa an yi ta zane shi ana ce masa daƙiƙi alhali ba laifinsa ba ne?

Ga abin da na tsara: in je makarantu biyu a ƙasar Anka, a ɗebi jinin ɗalibai a auna dalmar da ke ciki, sai in gwada da sakamakon jarrabawarsu. Malamin da ke duba aikina ya ce wannan hurumin likitoci ne, in nemi wani abu. Ban yi masa musu ba, amma ban haƙura ba. Don Allah masu sani, a ina ake irin wannan awon jinin, kuma izinin wa zan nema?

Mai Ɗakin Gwaji:

Wa alaikumus salam Malama. Niyyarki mai kyau ce, amma tsarin ba zai ba ki amsar da kike nema ba, ko da an ba ki awon kyauta.

Dalma ba ta daɗewa a jini. A jikin babba, cikin kamar wata guda rabinta ya bar jini. A jikin yaron da ya daɗe yana shaƙa takan fi haka jinkiri, amma dai ba shekara goma sha ba. Tana komawa ƙashi da haƙora ta zauna shekaru masu yawa. Don haka jinin da kika ɗiba bana zai gaya miki abin da yaron ke shaƙa ko haɗiya a 'yan watannin nan ne kawai. Ɓarnar da kike son aunawa kuwa ta faru tun yana rarrafe, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Za ki iya samun saurayin da ya kusa mutuwa a 2010 jininsa yanzu da sauƙi, ki samu wani da bai taɓa zama a ƙauyukan ba jininsa ya hau saboda bara ya shiga aikin niƙan dutse. Kin ga lissafinki ya juye ke nan.

Don ki san girman abin: a Amurka ana fara ba yaro maganin tsamo dalma idan ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini. Binciken da masana na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka yi tare da jami'an lafiya na Najeriya a ƙauyuka biyu a 2010 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka auna sun kai ko sun wuce wannan 45 ɗin, kuma yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara guda kafin zuwansu. Ƙaramar na'urar da ake yawo da ita, LeadCare II, iyakarta 65, in jini ya wuce haka sai dai ta nuna ya yi yawa. Sai da aka riƙa tsinka jinin kafin a samu ainihin adadin. A ƙasa kuma an samu wuraren da dalma ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne.

Waɗancan alƙaluman na farko su ne dukiyar, kuma suna cikin kundin waɗanda suka yi jinyar yaran. MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022. In ba da su ba, ba ki da abin gwadawa.

In kina son abin da za ki iya a nan Gusau, ki duba kwalli. Irin na dutse mai ƙyalli ɗin nan, shi ne dai dutsen dalmar da ya yi ɓarna a ƙauyukan. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan iyayen Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai ga shi sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ne. Ki sayo daga kasuwanni, a auna miki a Zariya, akwai cibiyar binciken makamashi ta ABU da kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa. Ba ruwanki da jinin kowa.

Tsohon Duba-Gari:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tunani. Na yi aikin lafiya a karkara har na yi ritaya, bari in ɗora a kan abin da mai ɗakin gwaji ya faɗa, amma ta wani gefen.

Da farko ki fahimci yadda gubar ta shiga gida, don in ba ki fahimta ba za ki yi wa iyayen yaran tambayar da za ta ƙona musu rai. Mutanen nan manoma ne. Zinariya ta yi tsada bayan 2008, dutsen yankin kuma ya zo da dalma mai yawa a cikinsa. Maza su haƙo, a kawo cikin gari, a farfasa da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, a wanke, a shanya. Da yawa a tsakar gida ake yi, saboda matan kulle su ma su samu na kashewa, kuma saboda kada a sace. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi turmi, ta bi hatsin da aka shanya. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. Uwar da ta daka dutsen nan ba ta san guba take dakawa ba. Har yau akwai masu ɗauke da wannan nauyi a zuciya. In kika shiga da takarda kina tambaya "shin kin taɓa niƙa dutse a gidanki?" kamar 'yar sanda, za ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi niyya ba, kare kanta take yi.

Aikin da aka yi a lokacin ba ƙarami ba ne. Likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma gidan da ƙasarsa guba ce, don haka sai an share tukuna. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith suka jagoranci aikin, da ma'aikata 'yan ƙauyukan. A kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya, a zuba a buhu, a kai rami a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Haka aka bi Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan 'yan fafutuka su Hamzat Lawal sun ta da ƙura a intanet gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin. Yaran Bagega ke nan sun ƙara shekaru a cikin gubar fiye da na sauran ƙauyukan. Mai bincike ya riƙe wannan bambancin, kada ya haɗa su a kwando ɗaya. Sannan a 2015 abin ya sake ɓullowa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Yanzu maganar izini, wadda ita ce ta sa na ɗauki waya na yi wannan dogon rubutu. Jinin ɗan mutum ba abin wasa ba ne a ƙasar nan, kuma da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Mu da muke yawo gida-gida mun ga abin da ya biyo baya. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan labarin yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma sai a 2004 aka dawo. Yara nawa suka shanye a tsakani, Allah ne masani.

Saboda irin wannan ne aka kafa kwamitin ƙasa na ladubban binciken lafiya, aka fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007. Ki fara da kwamitin ladubba na jami'arku, sannan na ma'aikatar lafiya ta jiha, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya in za ki shiga makaranta. Waɗannan na takarda ne. Na ƙasa kuma: hakimi, dagaci, liman, sannan uban yaro da uwarsa, kowa daban. Yardar dagaci ba ta maye gurbin ta uwa. Takardar yarda ki rubuta ta da Hausa, ki karanta musu da baki, wanda ya fi sabo da ajami a rubuta masa da ajami. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi, in ya ce ba ya so a ƙyale shi ko ubansa ya yarda.

Ga kuma tambayar da kwamiti mai hankali zai yi miki: in kin auna kin ga jinin yaro ya hau, me za ki yi masa? Kina da maganin? Kina da wanda za ki tura shi wurinsa? In babu, kin shiga gida kin ta da hankalin mutane kin tafi da digirinki. Ni a nan na tsaya tare da malaminki: kada ki taɓa allura.

Ɗan Ƙasar Anka:

Malama, kin san hanyar Bagega kuwa a 'yan shekarun nan? Mu da muke da dangi a can sai mun yi tambaya kafin mu kama hanya. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu na cikin garin Anka ko Gusau ko sun yi gaba. Makarantar da kike tunanin za ki je ki tarar da rajista da sakamakon jarrabawa, wata ma rabonta da malami an daɗe.

Kuma gaskiya mun gaji. An zo da kyamara, an zo da na'ura, an zo da takarda. Waɗanda suka ba da magani da waɗanda suka share ƙasa, Allah ya saka musu. Sauran kuwa ko kwafin abin da suka rubuta ba mu gani ba. Sannan ki yi tunanin 'yan matan. In aka ce bincike ya nuna 'yan ƙauye kaza ƙwaƙwalwarsu ta taɓu, wa kike jin zai kai kuɗin aure can?

Malamar Aji Uku:

Na gode ƙwarai. Baba Duba-Gari, na ji, na ajiye maganar jini. Yayana na Anka, maganar 'yan matan ta tsaya mini a rai, ba zan sa sunan ƙauye ko na gida a aikina ba in Allah ya sa na yi shi. Amma fa ni ma ina da abin cewa. In kowa ya ce a yi shiru don kada a ɓata suna, yaran da ke buƙatar a koya musu karatu ta wata hanya daban wa zai san da su? A ajina akwai 'yan gudun hijira. Ina da yarinyar da za ki koya mata baƙi biyar yau ta riƙe, gobe kamar ba ta taɓa ganinsu ba. Ban ce dalma ce ba, ita an haife ta bayan an share ƙauyukan ma. Yunwa na iya yin haka, firgici na iya yin haka. Sai dai haƙar ba ta tsaya ba ko lokacin da gwamnatin tarayya ta hana ta a 2019, kuma ba wanda ya taɓa gaya mana, mu malaman aji, alamomin da za mu lura da su.

Shawarar kwalli ta burge ni, amma in na kai ta tsangayarmu za a ce in koma sashen kimiyyar sinadarai.

Malamin Tsangayar Ilimi:

Malama, jumlarki ta kusa da ƙarshe ita ce batun bincikenki, ba ki lura ba ne.

Kafin in zo kanta, kada wani ya ce miki wannan ba hurumin malamai ba ne. Aikin da ya fi kowane tasiri a wannan fanni da malaman aji aka yi shi. Herbert Needleman, likitan yara a Amurka, ya fuskanci matsalar da mai ɗakin gwaji ya faɗa, wato jini ba ya riƙe tarihi. Sai ya sa malaman firamare a garuruwan Chelsea da Somerville na jihar Masacusets suka tattara masa haƙoran da yara ke famfarewa. Ya auna dalmar da ke cikin haƙoran, ya kuma ba malaman takarda su faɗi halin kowane yaro a aji: mai saurin shagala ne, yana iya bin umarni, yana ƙarasa aiki. Malaman ba su san sakamakon haƙoran ba. Da aka haɗa, sai ga shi duk inda dalma ta ƙaru, ƙorafin malamai ya ƙaru. An buga wannan a 1979. Bayan shekara 11 ya sake bin yaran, ya tarar masu dalma da yawa sun fi barin sakandare ba su gama ba kuma sun fi fama da karatu. Amma lura, shi yana da ma'aunin abin da ya shiga jikin kowane yaro. Ke ba ki da shi, kuma naki yaran sun daɗe da zubar da haƙoran nono.

Akwai wani rami kuma. Waɗanda gubar ta fi yi wa illa sun rasu, ko sun makance, ko ba a taɓa sa su makaranta ba. In kika auna waɗanda kika tarar a aji kaɗai, kin auna waɗanda suka fi ƙarfi ne, sai sakamakonki ya ce dalma ba ta yi komai ba. Ga tamowa, ga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ga ƙarancin jini, ga makarantun da aka rufe a jihar a 2021 bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun. Raba tasirin dalma daga waɗannan aiki ne na tawaga mai likita da masanin ƙididdiga da kuɗi irin na asusun bincike na TETFund, ba na ɗaliba ɗaya mai albashin firamare ba. Kada kuma ki ɗauka wanda ya sha magani ya warke sarai. A Amurka an gwada maganin da aka yi amfani da irinsa a Zamfara a kan yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44, aka buga sakamakon a 2001: jini ya sauka, amma fahimtarsu ba ta fi ta waɗanda ba a ba su ba. Maganin ya ceci rayuka a Zamfara, wannan ba shakka. Mayar da abin da ya riga ya lalace ne ba ya yi.

Ga abin da zan amince da shi in ni ke duba aikinki. Ki tsaya a Gusau, in hali ya yi ki ƙara da cikin garin Anka. Ki zauna da malaman firamare da na islamiyya da na allo waɗanda ke koyar da yaran da suka fito daga yankunan haƙar zinariya. Kada ki bar malaman allo, su suka fi kowa sanin yaron da ake wanke masa allo ɗaya wata da watanni bai riƙe ba, kuma yara da yawa ba su taɓa taka makarantar boko ba. Me suka sani game da dalma? Me suke gani? Me suke yi wa yaron da ya kasa, bulala ko haƙuri ko kora? Hira za ki yi, ba takardar "na yarda, ban yarda ba". In kina son lambobi, akwai gwajin karatu na ƙananan azuzuwa da aka riga aka tsara da Hausa aka yi amfani da shi a Sakkwato da Bauci, mai ƙirga baƙaƙe da kalmomin da yaro zai karanta a minti ɗaya. Shirin RANA ma ya yi aikin karatun Hausa a makarantun Zamfara da Katsina. Ki yi amfani da irinsa don bayyana matsayin yaran, ba don ɗora wa dalma laifi ba. Gwaje-gwajen basira na Turawa kuwa ki bar su inda suke, ba a kan yaranmu aka daidaita su ba.

Mai Ɗakin Gwaji:

Na yarda da Malam, na janye kwallina, ko da yake ina nan a kan bakana cewa wani ya kamata ya yi shi. Abu ɗaya zan ƙara saboda maganar 'yan matan. Dalmar da ta kwanta a ƙashi tana fitowa lokacin goyon ciki da shayarwa, sa'ad da jiki ke jan sinadarin ƙashi don gina jariri, kuma tana ratsa mahaifa. 'Yan matan 2010 yanzu su ne masu zuwa awon ciki. Wannan ba aikin Malama ba ne, amma in akwai ungozoma ko ɗalibin likitanci a nan, ga batu.

Malamar Aji Uku:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na sake rubuta batun a kan malamai, zan kai wa mai duba aikina ranar Litinin. Yayana na Anka, in na gama zan taƙaita shi da Hausa a shafi biyu in ba duk malamin da na yi hira da shi, kai ma in kana so zan turo maka. Saura tambaya ɗaya: tun da ba jini ba allura, hira ce kawai da manya, har yanzu sai na bi ta ma'aikatar lafiya?

Tsohon Duba-Gari:

Kwamitin jami'arku ne zai yanke wannan, ki kai musu tsarin su gani, kada ki yanke wa kanki. Hukumar ilimin bai-ɗaya dole ce tun da ma'aikatansu ne, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. In kuma kin ƙara gwajin karatun nan na yara, maganar yardar iyaye ta dawo. Malaman allo ba su da ofis, ki nemi wani dattijo a unguwar ya raka ki ya gabatar da ke, kuma ki je da hantsi bayan an tashi karatun safe, kada ki je ranar Alhamis ko Juma'a da tunanin za ki ga yara a kan allo.